Saran Fartanya a Kan Dutse

Akwai wani manomi mai baki kamar injin niƙa. Daga fitowar rana har faɗuwarta yana zuba, in ya rasa mai saurare sai ya yi da jakinsa. Gonarsa tana iyaka da ta wani tsoho makaho, Baba Korau. Layin gamba ne ya raba su.

Duk shekara in ruwan shuka ya sauka, tsohon yakan lallaɓo da sandarsa ya zauna gindin gawo, yana jiran 'yan ƙwadago. Sai manomin ya zo masa da hira, wane ya yi aure, wane ya faɗi a kasuwa. Baki yana zuba, hannu yana aiki. Ya sare tushen gamba, ya matsar da shi kunya ɗaya cikin gonar tsohon, ya take da ƙafa. Shekara bakwai, kunya bakwai. Ran Lahadi kuwa, ku ji mini mutum, shi ne a bencin gaba a majami'a, muryarsa ta danne ta kowa!

Amma addu'arsa ta bushe, shi ma ya sani. Saboda haka da ikilisiya ta shirya kwana uku na shiru a gidan addu'a da ke kan dutse, sai ya ɗauki tabarmarsa ya bi su, ko ya sami sabuntawa. Dattijon da ke lura da wurin, Malam Filibus, ya ce musu, "Ba magana, ba waƙa, ba rediyo. Gaisuwa ma da ka za a yi."

Rana ta fari, da tsakar rana, yana zaune a ɗakinsa sai ya ji sara. Kaf. Shiru. Kaf. Saran fartanya ne a jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rani ne. Ya leƙa waje. Babu kowa, sai dutse fari fat da rana a kansa. Ko ƙadangare ba ya motsi.

Kashegari ya bar ɗakin, ya hau can ƙololuwa inda babu ƙasa ko ta cika tafin hannu. Ya zauna. Kaf, a bayansa. Ya juya, babu kowa. Sai ya ji saiwa tana tsinkewa, ya ji ana take ƙasa da ƙafa, sau uku, daidai yadda shi yake yi. Ya dubi 'yan'uwa, kowa yana zaune a inuwarsa ido rufe, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Ya ruga wurin dattijon, ya karya doka. "Malam, wurin nan ba lafiya! Wa ke noma a kan dutse?"

Malam Filibus ya dube shi ya ce, "Shekarata ashirin a nan, ɗan'uwa, ban taɓa jin fartanya ba. Kowa da abin da yake hawowa da shi."

Manomin ya buɗe baki zai kawo labari, ko saran ya lafa, amma labari ya ƙi zuwa. Bai jira kwana na uku ba, ya sauka ya nufi gidan Baba Korau. Ya durƙusa a zaure, ya ce, "Baba, kunya bakwai na ci maka. Gobe zan mayar da gamba inda take, a gaban dattawa."

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryar. Ya ce, "Ɗana, ido na rasa, ba kunne ba. Tun shekarar fari nake jin fartanyarka a ƙarƙashin hirarka. Na bar ka ne in ga yaushe kai za ka ji ta."

Ma'anar wannan misali ita ce: fartanyar nan zunubi ne da muka sani sarai, ba wanda ya kuɓuce mana ba. Hirar kuwa ita ce surutun da muke rufe shi da shi, har da surutun ibada. I, na faɗa! Waɗansunmu muna ɗaga murya a sujada ne don kada mu ji abin da zuciya take faɗa. Allah ba kurma ba ne, kuma wanda ka cuta yawanci ya riga ya sani. Kai kaɗai ka toshe kunnenka. In ka je wurin shiru ka ji abin da ya tsorata ka, kada ka ce aljanu ne, kada kuma ka tsaya kana jiran salama ta sauko maka a kan dutse. Naɗe tabarmarka ka sauka, akwai zauren da ya kamata ka durƙusa a ciki.