Manajan da Ya Ɗauke Kwamfutar Sakatariya

Akwai wani manaja a wani kamfanin zanen gine-gine da ma'aikata ke kira Sai-Ni a bayan idonsa. Ko kujera ya ga ta fi tasa laushi, to ta zama tasa.

Intanet ɗin ofishin ta cikin wata na'ura yake bi, ita ke yanka wa kowace kwamfuta iya gudun da za ta sauke abu. Ranar da aka sayo wa Anti Sakatariya sabuwar kwamfuta, baƙin ciki ya hana Sai-Ni zama. Ya kira Injiniya, mai kula da na'urar.

"Buɗe wa tawa gudu gaba ɗaya. Sabuwar nan kuwa ka matse ta sosai, wasiƙa kawai ake bugawa da ita."

Anti ta ci gaba da aikinta. In ta danna abu, sai ta je ta haɗa shayi, ta dawo ta ci gaba da jira.

Amma ƙyallin sabuwar ya tsone wa Sai-Ni ido. Injiniya na tafiya hutu, Sai-Ni ya kinkimo ta zuwa teburinsa, ya dire wa Anti tsohuwarsa. Bai san na'urar nan kwamfuta ta sani ba, ba ruwanta da muƙami.

Washegari mai kamfani ya shigo da wani babban baƙo da zai ba su kwangila in zanen ya yi masa. Sai-Ni ya gyara wuyan riga, ya danna sauke zanen. Allo ya nuna saura awa huɗu.

Ya zare waya, ya hura mata iska, ya mayar. Saura awa biyar! Baƙo ya fara duba agogo.

Mai kamfani ya ƙwala wa Anti kira. Kafin ya rufe baki, ta sauke zanen a tsohuwar ta kawo, kwangila ta tsira.

Baƙo na fita, mai kamfani ya buga wa Injiniya waya a gaban kowa. "Wa ya matse kwamfutar manaja?"

"Ranka ya daɗe, tasa a buɗe take. Sabuwar Anti ce ya sa na matse."

Mai kamfani ya dubi sabuwar a teburin Sai-Ni, ya dubi Sai-Ni. "Madalla. Kowa ya riƙe wadda ke gabansa."

Anti ta juya wurin Sai-Ni, ta tausasa murya. "Yallaɓai, in ka danna, ka je ka haɗa shayi. Kofina na nan, zan ara maka."

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, domin wata rana da ƙafarka za ka faɗa. Ku tura wa 'yan ofishinku, watakila akwai Sai-Ni a cikinsu.