Hannun Inna Yalwa

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda ba ta da dariya. In na kai ƙarshe, hukuncin naku ne.

A wata unguwa a Funtuwa an yi wata mata, Inna Yalwa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da injin wanki mai tukunya biyu, ɗaya ta wanke, ɗaya ta matse. Da injin nan take yi wa maƙwabta wankin kuɗi, da shi gidan ke cin abinci. Babban ɗanta Barau, sai Marka wadda ke aure a bayan kasuwa, sai Ilu autansu.

Inna Yalwa tana da ciwon suga. Wata rana tana laluben aljihun wandon wani, reza ta yanke ta a yatsa. Ciwon ya ƙi warkewa. Likita ya ɗaure ya ce mata, "Inna, hannun nan kada ya taɓa ruwan wanki. In ya ruɓe, ba ni da abin yi sai yankewa." Ta ce ai da sauƙi, inji ne ke mata aikin. Ba a jima ba injin ya tsaya. In an kunna sai ya yi ta gurnani, tukunyar ba ta juyawa.

Ilu ya ce shi zai duba. Barau ya ce a kira mai gyara, Ilu ya ce, "Haba Yaya, ina raye a kawo wani ya buɗe injin Baba?" Ya kwance bayan injin, ya canja bel, bai tashi ba. Ya wanke ramin magudanar ruwa, bai tashi ba. Kullum sai ya jira a kawo wuta kafin ya gwada, wutar kuwa ba ta da alkawari. Kwanaki suka tafi a haka. Daga ƙarshe ya gano wani ɗan abu kamar gwangwanin tumatir, wai shi kwandansa, wanda ke ingiza motar injin ta fara juyi, ya kumbura ya ƙone. Da bai gano ba, da har yau ana lalube. Amma da ya bari an kira mai gyara tun farko, da tuni an sani.

Barau ya ce shi zai nemo sabo. Babu irinsa a Funtuwa, sai ya ajiye ɗan aikinsa ya hau mota zuwa Kano. Ya zaga shaguna, ya shiga wajen 'yan gwangwan inda ake farfasa matattun injuna, har ya samo. Sai dai garin sauri bai tafi da tsohon ba. Kowa ya san ba a zuwa sayen kayan gyara sai da na jikin inji a hannu. Da ya dawo, Ilu ya haɗa su gefe da gefe, ya ce, "Yaya, wannan na fanka ne ka sayo." Barau ya sa tsohon a aljihu ya koma Kano, ya kwana a tasha, ya sake bin rumfunan nan ɗaya bayan ɗaya har ya sami daidai. Ba don shi ba, da babu abin da za a sa.

Ita kuwa Marka, tun ranar da injin ya tsaya ta roƙi mijinta izini, take zuwa kowace safiya da goyonta a baya. Ita ke wanke kayan mutane da hannu, ta shanya, ta ninke, don kada masu kawo wanki su watse, kuma don kada uwarta ta matsa kusa da ruwa. Yatsunta suka sale, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Ran nan jaririnta ya tashi da zazzaɓi tana tsakiyar aiki. Ta bar kaya jiƙe a cikin baho, ta ce, "Inna, don Allah kada ki taɓa, gobe da sassafe zan ƙarasa." Garin ruɗewa ba ta lura ba ta haɗa farar shaddar wani ango da jan zane mai zuba.

Inna Yalwa ta zauna tana kallon bahon, ruwan yana komawa ja. Mace ce da ta tsufa a sana'ar nan ba ta taɓa ɓata wa kowa riga ba. Ta kira Ilu, ashe ya fita neman wayar wuta. Ta duba ƙofa, ba kowa. Sai ta kwance ƙyallen hannunta, ta tsamo shaddar, ta cuɗa ta cikin ruwan sabulu har ta fita fes. Ta mayar da ƙyallen, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar da Ilu ya ɗaura sabon kwandansa aka kawo wuta, tukunyar ta juya. Suka yi ta murna, Marka har da guɗa. Suka shiga ɗaki su gaya wa Inna, suka tarar da ita kwance jiki ya yi zafi, hannun ya kumbura har gwiwa, ya yi baƙi. A asibiti aka yanke shi.

Da ta dawo gida, ba ta zargi kowa ba. Ta ce, "Allah ya yi muku albarka, duk kun yi ƙoƙari. Amma ba na son jin ƙarar injin nan. Wanda ya fi wahala a kansa ya ɗauke shi, ya ci abinci da shi, ya riƙa tunawa da ni a cikin abin da ya samu."

Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ni ba, Inna." Marka ta fashe da kuka. Ilu ya fita waje. Injin yana nan a tsakar gida an lulluɓe shi da buhu, lafiyarsa lau, masu kawo wanki kuma sun fara komawa wani wuri, tukunyar gidan ta fara kwana ba wuta.

To, ku da kuka ji, a tsakanin Ilu da Barau da Marka, wane ne ya fi cancanta ya ɗauki injin nan?