Haukan Aro

Akwai wani makaniki da ake kira Gwani, mai gareji a bakin titi. Wajen aiki ba shi da na biyu, amma baki da zuciya, sai dai addu'a.

A ƙofar garejin akwai wani bawan Allah mai taɓin hankali, yana wuni yana ƙirga yatsunsa, yana gardama da bango. Gwani ya mai da shi abin nishaɗi. Kullum sai ya kwaikwaye shi, har da karkace wuya, abokan aiki suna ta sheƙa dariya.

Mahaifiyarsa ta sha ce masa, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah. Ba shi ya ɗora wa kansa ba." Ko a jikinsa.

Wata rana faɗa ya haɗa shi da maƙwabcinsa mai faci a kan wurin ajiye mota. Gwani ya ɗaga sifana ya sauke masa a ka. Mutumin ko shurawa bai yi ba.

Bayan an kama Gwani, lauya ya same shi a tsare, ya ce laifin babba ne. Gwani ya rage murya ya ce, "To idan mahaukaci ne ya yi fa?"

Lauya ya ce, "Tun zamanin da, masu shari'a suka yarda hukunci na wanda ya san abin da yake yi ne, ya kuma san laifi ne. Wanda hankalinsa ya gushe a lokacin, ba a hukunta shi. Amma fa ba gida ake sallamarsa ba."

Gwani bai tsaya jin ƙarshen ba. Ai shi ya riga ya samu mafita.

Daga ranar ya shiga ƙirga yatsu. Ya yi gardama da bangon kurkuku, ya yi da na kotu. Likitoci suka gwada shi ta nan, suka gwada ta can, gogan naku bai kuskure ba ko sau ɗaya. Alƙali ya ce a tsare shi a asibitin masu taɓin hankali har sai an tabbatar ba shi da hatsari ga jama'a.

Ba a sa ranar fitarsa ba.

Da zama ya ishe shi, ya tari likita. "Likita, ni fa lafiyata ƙalau. Wasa nake yi."

Likita ya dube shi. "Kusan kowa a nan haka yake ce min. Idan kuma gaskiya ka faɗa, to da hankalinka ka kashe mutum ke nan. In sanar da kotu?"

Gwani ya sunkuyar da kai, ya koma ƙirga yatsu.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana mahaifiyarsa ta zo duba shi, ta leƙa ta tagar ɗakin. Babu likita, babu mai gadi, babu wanda zai yi wa wasan. Ga shi zaune, wuya a karkace, yana yi wa bango tsawa.

Ta kira shi, ta sake kira. Ya juyo ya kalle ta ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Darasi: Rangwamen da shari'a ta yi wa marar hankali rahama ce ga mai lalura, ba mafakar mai laifi ba ce. Kada ka yi wa jarrabawar wani dariya, kada kuma ka ari ciwon da Allah bai ɗora maka ba. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.