Jan Dangwalen Maman Tabita

"A karkace take."

"Ba a karkace take ba. Idonka ne ya karkace."

"Ehem. Maman Tabita, shekara arba'in da ɗaya ina riƙe da zarto. Ƙofar majami'ar garin nan ni na kafa ta, har yau ba ta taɓa yin ƙara ba. Ke ce za ki koya mini bambancin miƙaƙƙe da karkatacce?"

"To, ka je ka ci tuwo da ƙofar majami'a. Ni yaji nake sayarwa, ba taga ba."

Ku dakata, yara, mu ɗan koma baya, don ku san masu faɗan da abin da suke faɗa a kai.

Akwai wani mutum a wani gari, kafinta ne, ya tsufa har ya rataye zartonsa. Ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya, ya zame tabarau zuwa kan hanci, ya dube ka ta samansa. Matarsa kuwa mai sana'ar yaji ce. Tun ranar da suka haifi 'yarsu ta fari, mutane suka manta da sunayensu na ainihi. Shi Baban Tabita, ita Maman Tabita, shi ke nan.

Yajin matar nan ya yi suna. Barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, sai wani abu guda da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mijin. Duk gidan da aka yi haihuwa, kafin ruwan wanka ya tafasa an aika kasuwa neman yajinta saboda mai jego.

Daka ya daɗe da komawa wurin mai injin niƙa. Abin da ya rage a hannunta shi ne haɗi, da zubawa a ƙananan robobi, da liƙa takardar suna a jikin kowace roba. Takan dama sitacin rogo, ta shafa a bayan takarda, ta ɗora, ta danne da babban yatsa. Maman Tabita kuwa bahaguwa ce. Saboda haka kowace takarda takan ɗan kwanta wajen hagu, kamar mai gyangyaɗi a lokacin wa'azi. A gefenta na ƙasa kuma sai ka ga jan tabo, inda yatsan nan mai barkono ya danna.

Karkacewar nan ita ke hana Baban Tabita sakewa. Haka dai yake cewa.

Amma akwai abin da bai faɗa ba. Ya ga yadda wuyan hannunta ke kumbura in ta liƙa ɗari biyu, da yadda take cusa shi cikin zane in ta ji motsinsa. Sai dai akwai irin mazan da ɗaukar azara daga nan zuwa rafi ya fi musu sauƙi a kan su ce wa matansu, "Ina tausayinki." Baban Tabita shi ne shugabansu.

Wata rana ya shiga birni, ya dawo da kwali a kafaɗa. Ya share teburin da ya ƙera da hannunsa, ya fito da wani ɗan inji wanda bai kai keken ɗinki girma ba, ya ɗora a kai. Ba ya shan mai, ba ya jiran wuta. A bayansa akwai naɗin takardu masu ɗanko, an buga sunan yajin a kowace. A gabansa akwai sanduna biyu masu juyawa, inda ake kwantar da roba. A gefe kuma ga mariƙi.

"Ehem. Ki duba zamani."

Ya kwantar da roba, ya juya mariƙi. Ƙir, ƙat! Takarda ta naɗe jikin robar, a miƙe sak, ba tabo, ba ƙura. Ya ɗauko rula ya auna sama, ya auna ƙasa, ya yi murmushi irin wanda bai yi ba tun ranar bikin Tabita. Aikin da matarsa ke kai tsakar rana tana yi, kafin wake ya nuna a tukunya ya gama shi.

Sai ya juyo ya ce, "Daga yau hannunki ya huta. Ba ma bukatarsa a nan."

Magana biyu ya yi. Ta farko ita ce ta zuciyarsa, amma ta biyun ce ta shiga kunnenta.

Maman Tabita ta dubi robobin nan a jere, sunanta a jikinsu, ba alamarta a ko ɗaya. Ta dubi babban yatsanta. Ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno, wadda ta shekara ashirin a gindin teburin nan, ta kai ta ƙarƙashin mangwaro ta zauna.

Ba ta ce komai ba. Ku kuwa kun ji bakinta ɗazu. In Maman Tabita tana faɗa, gida lafiya lau. In ta yi shiru, har kaji sun san akwai magana. Kwana shida tana haɗa yaji, ta zuba, ta rufe, ta tura masa daro, ta koma gindin mangwaro. Baban Tabita ya yi ta neman faɗa bai samu ba. Ya ce miya ta yi gishiri. Ta ce, "To." Ya ce ba ta ji gishiri ba. Ta ce, "To."

Ranar kasuwa aka ba mai mashin kaya ya kai wa Gwaggo Tani, wadda ke da tebur a bakin layin masu kayan miya. Ita ke sayar da yajin tun asali. Rana ba ta gama karkatawa ba sai ga Gwaggo Tani da kanta, daro a ka, tana haki, ta fara magana tun daga ƙofar gida.

"Gafaranku dai, masu gida! Maman Tabita, kina zaune a inuwa ana cin amanarki a gari? Wasu marasa tsoron Allah sun yi miki jabu! Har sun haɗa baki da mai mashin ya kawo mini. Ni Tani za a kawo wa jabu? Ga shi nan, ko ɗaya ban bari ya shiga gidan mai jego ba."

Ta dire daron. Robobin nan ne, cif yadda suka tafi.

Baban Tabita ya zame tabarau. "Ehem. Gwaggo, ba jabu ba ne. Daga gidan nan suka fita. Ga suna nan ɓaro-ɓaro, ki karanta."

"In karanta? Yaushe ka kai ni makaranta? Ni da masu saye a wurina ba rubutu muke dubawa ba. Yau da safe wata ta zo, jikarta ce ta haihu. Ta ɗauki roba, ta juya nan, ta juya can, ta ce, 'Tani, ina jan?' Na duba, babu ja. Ta ajiye ta goge hannunta a zane."

"Sai ku buɗe ku sunsuna mana."

"A kasuwa? Kowa ya zo ya tsoma hanci a abin da mai jego za ta ci? Baban Tabita, suna kowa na iya bugawa. Bara wasu sun buga, suka cika robobi da garin masara da jan kala. Tasu takardar ma haka take, a miƙe sambal, gwanin kyau. Yatsan ne ba su da shi."

Maman Tabita tana gindin mangwaro, ta kawar da kai kamar ba da ita ake ba. Amma kunnen nan na hagu ya miƙe.

Baban Tabita ya dubi injinsa. Sa'an nan ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana ɗan koyo. Mutumin da in ya shiga gidan wani ya ga tebur na rawa ba ya iya cin abinci, shi ne ya fita ya ɗauko rabin bulo, ya ɗaga ƙafar teburinsa ta dama, ya cusa a ƙasa. Tebur ya kwanta wajen hagu.

"Me kake yi?" in ji Gwaggo Tani.

"Ehem. Koya masa bahaganci nake."

Ya kwantar da roba, ya juya mariƙi. Ƙir, ƙat! Takarda ta fito a miƙe sak, gama tebur da inji da roba duk tare suka karkace. Ya ƙara wani rabin bulon. Ya juya. Wannan karon robar ta sulale, ta faɗi ƙasa, ta yi ta gangarawa har ta tsaya a ƙafar Maman Tabita. Ita ma takardarta a miƙe.

Maman Tabita ta danne bakinta da zane. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariyar kwana shida ta ɓalle gaba ɗaya, har da hawaye.

Tsohon ya tako a hankali ya tsuguna a gabanta, gwiwoyinsa suna ƙara irin wadda ƙofar majami'a ba ta taɓa yi ba. Ya cire tabarau. Bai yi gyaran murya ba.

"Ba takardar ce ta dame ni ba," in ji shi. "Hannun nan ne. Ina ganin yadda kike ɓoye shi. Ban san yadda zan faɗa ba ne."

Ta ce, "Shekara arba'in da ɗaya kana kafa wa mutane ƙofa, ba ka iya buɗe bakinka ba."

"Na dai buɗe yanzu."

"A karkace ka buɗe shi. Tashi, kafin mu nemi masu ɗaga ka."

Ta ɗauki kujerarta ta mayar gindin tebur. Ta zuba ɗan yaji a murfi, ta ɗiga masa man gyaɗa, ta tsoma babban yatsan hagu, ta dangwala a gefen miƙaƙƙiyar takardar. Gwaggo Tani ta karɓa, ta ɗaga wajen haske, ta ce, "Yauwa! Ga Maman Tabita. Za mu yi kewar gyangyaɗin, amma jan shi ne shaida."

Daga ranar, shi ke juya mariƙi, ita ke dangwalawa. Hannun ya huta da shafe-shafen sitaci, bai kuma bar teburin ba.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku kasa kunne.

Robobin nan mu ne. Yajin da ke ciki shi ne abin kirkin da Allah ya zuba a zuciyar kowannenmu. Takardar kuwa sunan da muke ɗauke da shi ne, sunan masu bin Ubangiji.

Injin fa? Kada wani ya je gida ya ce an koya masa a makarantar Lahadi cewa inji na Shaiɗan ne. Inji abu ne mai kyau, ya hutar da hannu mai ciwo. Shi ne kamar zuwa sujada a kan lokaci, da gogaggiyar rigar mawaƙa, da haddace aya ba tuntuɓe. Ku yi su duka, ku yi su da kyau. Amma ku tuna da maganar Gwaggo Tani: suna kowa na iya bugawa. Maƙwabcinku ba zai zo ya duba rajistar aji ya ga sau nawa kuka zo ba. Zai juya ku nan, ya juya ku can, yana neman alamar hannun da ya yi ku. Yana ganinta ranar da kuka faɗi gaskiya alhali ƙarya ta fi sauƙi, da ranar da kuka raba ƙosanku da wanda ya zage ku jiya. In bai gan ta ba, zai ajiye ku ya goge hannunsa, kome kyan takardarku.

Akwai kuma waɗansunku da ke jin kunya don suna ganin a karkace aka liƙa su. Wannan yana i'ina, wancan karatu na yi masa nauyi, waccan an sha buge mata hannu don da hagu take rubutu. Kada ku ɓoye a bayan benci. Wanda ya yi ku ya riƙe ku a hannunsa ɗaya bayan ɗaya, ya kuwa san inda ya danna yatsansa.

Abu na ƙarshe, in kun koma gida yau, ku dubi hannuwan tsofaffinku. In kun karɓi tulu ko tsintsiya daga hannun kaka, ku ce mata, "Ki huta," ku tsaya nan. Kada ku ƙara rabi na biyun irin na Baban Tabita. In kuma ƙauna ce ta sa, ku faɗe ta da baki. Ba sai kun je birni kun ɗauko ta a kwali ba.

Su Baban Tabita kuwa, faɗa ya dawo, gida ya zauna lafiya. Bulo dai yana nan a ƙarƙashin teburin. Wata safiya Maman Tabita ta yi tuntuɓe da shi, ta riƙe ƙugu.

"Baban Tabita, wai yaushe za ka cire bulon nan? Ko sai ya karya ni?"

Ya zame tabarau zuwa kan hanci, ya dubi injin, ya rage murya.

"Ehem. Bar shi. Injin ya riga ya saba. In na cire yanzu, jiri zai ɗebe shi."