Dalilin da ya sa maraƙi yake tsotsar yatsun mutum

Dalilin da ya sa maraƙi yake cafke yatsun duk wanda ya miƙa masa hannu, ku matso in gaya muku, don yau maƙogwarona ba ya son ɗaga murya.

A da, maruƙa gudun hannun mutum suke yi. To, a wani ƙauye akwai wata tsohuwa mai yin daddawa, ana ce mata Iya Tabawa. Saniya ɗaya tak ta mallaka, ita ma ta mutu wajen haihuwa, ta bar mata 'yar maraƙa da ko tsayuwa ba ta iyawa.

Maƙwabcinta Jatau ya leƙo ya ce, "Iya, a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe."

Ta ce, "Haba Jatau! Ita kaɗai ta rage min. Ka dai taimaka min da ragowar tatsarku."

Ya ba ta. Ta ajiye ƙwarya a gaban maraƙa, maraƙa ta ƙi sha, sai ɗaga kai take tana laluben uwa. Kwana biyu ana haka. A rana ta uku Iya ta tsoma yatsunta cikin madarar ta sa mata a baki. Sai ta kama tsotsa. A hankali Iya ta yi ƙasa da hannun har cikin ƙwaryar, maraƙa ta bi, ta shanye tas.

Amma fa ta jawo wa kanta aiki. Maraƙa ba ta sha sai hannun Iya na ciki. Sau uku a rana tsohuwar nan tana duƙe, yatsu duk sun tsage, ƙugu ya riƙe. Matar Jatau ta zo ta sa nata hannun don Iya ta huta, maraƙa ta tsotsa sau ɗaya ta tofar, saboda babu warin daddawa.

Iya ta ce, "Ke 'yar nan, wallahi na gaji. Amma sha."

Wata huɗu suna haka, har maraƙa ta fara tsinkar ciyawa. Lokacin ne ciwo ya kwantar da Iya, ɗanta ya zo da jaki zai tafi da ita garinsu. Ta shafa kan maraƙa ta ce, "Idona ya dushe, ko na dawo ba zan gane ki cikin garke ba. Zan dai miƙo hannu. Ke ki gane ni."

Iya ba ta dawo ba, kuma babu wanda ya tuna ya gaya wa maraƙa cewa ba za ta dawo ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ta kama yatsunsa, ta ɗanɗana, ta sake shi. Ta girma ta haihu, ta ce wa 'ya'yanta, "Ni na tsufa. Ku ci gaba da dubawa."

Shi ya sa har yau in ka miƙa wa maraƙi hannu zai tsotsa ya tsotsa, sannan ya saki ya tsaya yana kallonka. Kada ku fizge, jikokina. Ku bar shi ya duba, Iya Tabawa yake nema.