Ƙibar Suwaiba Mai Waina

Akwai wata baiwar Allah a Ƙauran Namoda, sunanta Suwaiba, tana tuyar waina a bakin tashar motocin Shinkafi. Tun tana budurwa siririya ce, kuma babu wanda abin ya taɓa damu.

Sai mijinta ya yi doguwar jinya ya rasu. Kun dai san bakin mutanenmu. Kafin ta fita takaba magana ta zaga gari, wai ciwon zamani ne ya kashe shi, wai a dubi matar ma kamar sillen kara.

Da ta koma tasha, direbobin da ke layi gaban tandarta duk sun sauya wuri. Ta je asibiti aka gwada jininta, lafiya lau, ta riƙa nuna takardar. Wa ya kula? Ƙullunta ya dinga tsami a roba, ga marayu uku a gida.

Maƙwabciyarta Gimbiya ce ta kawo mata ƙwayoyin ƙiba a ƙullin leda, ba kwali, ba suna. Ta ce mata mutane ba takarda suke dubawa ba, kumatu suke dubawa.

Cikin wata biyu Suwaiba ta yi ɓul-ɓul. Ciniki ya dawo. Masu gudunta jiya su ne masu zolayarta da Hajiya an samu hutu. Ƙafafunta na kumbura, numfashi na yi mata wuya, amma duk lokacin da ta yi niyyar bari sai ta tuna ranakun da ta koma gida da wainarta, ta ƙara haɗiya.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi gaban murhu aka wuce da ita Gusau. Likita ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne, ƙodarta ta riga ta lalace.

Ƙanwarta Saudat tana kuka ta tambaye ta abin da ya kai ta. Ta ce, "Ni ban ƙi jikina ba, Saudat. Mutane sunka ƙi shi, kuma ɗiyana na son abinci."

Bayan kwana tara Suwaiba ta cika.

Abin da ya fi ƙona min rai, a wajen zaman makoki waɗanda suka fara yaɗa maganar su ne ke girgiza kai, wai ba ta gode wa Allah da halittarta ba.

Darasi: Kafin ka zargi mai son sauya kamanninsa, bincika ko bakinka ne ya tura shi. Jikin wani ba abin hirarka ba ne. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wata na riƙe da irin wannan ledar yanzu.