Manomin da Ya Kasa Rage Shukarsa

Akwai wani manomi a wata ƙasa, yana da gona guda a bayan gari, da matarsa, da 'ya'ya waɗanda ba su kai riƙon fartanya ba. Mutumin nan ba rago ba ne. In ma yana da laifi, to, na rashin sanin zama ne.

Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, aka yi yunwa a ƙasar. Rumbunsa ya ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba, gidan ya koma cin tafasa da rama. Amma akwai 'yar dawa da ya zuba a gora, ya liƙe bakin da yumɓu, ya rataye a rufin ɗaki, irin shekara mai zuwa ke nan. Sau da yawa in yara suna kuka, matar takan ɗaga kai ta dubi goran, sa'an nan ta dube shi. Shi kuwa sai ya tashi ya fita waje, gama ya san in suka ci irin nan, sun cinye baɗi. Haka suka lallaɓa har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Da ruwan shuka ya sauka, ya ɗauki sungumi yana sara, matar tana biye da shi tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Kowa ya sani ba ƙwaya ɗaya ake sa wa gurbi ba. Ana zubawa da ɗan yawa, don zabi za su tono rabonsu, ɓera zai ci nasa, wata kuma ta ruɓe a ƙasa. In shuka ta fito sai a bi ta a rage, a bar biyu ko uku a gurbi don su sami wurin yin kauri. To, a shekarar nan Allah ya hana zabi, ya hana ɓera. Duk abin da aka jefa ya tsiro, kowane gurbi ya cika fal. Mutumin ya tsaya a bakin gona yana kallo, ya yi godiya da hawaye.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa mai kyau. Da gari ya waye matar ta ce, "Maigida, yau ƙasa da danshi. Mu je mu rage shukar nan tun ba ta yi gaɓa ba."

Suka tafi. Ya tsuguna a gurbin farko, ya sa hannu yana neman wadda ta lalace ya fara da ita. Ya duba wannan, lafiya lau. Ya duba waccan, ta ma fi. Ya matsa gurbi na gaba, haka. Sai ya tuna da kukan yaran nan da goran da ke rataye, ya janye hannunsa.

Ya ce, "Wacce zan cire? Nuna mini mugunya a ciki. Ciyawa dai na san ta, maƙiyiya ce. Wannan kuwa daga bakin 'ya'yana na ƙwato ta."

Matar ta ce, "Ai ba don mugunta ake cirewa ba, Maigida. Wuri ne babu."

Ya ce, "In wuri ne, zan ƙara taki."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, suka koma gida ba a cire ko ɗaya ba. Ba na ganin wautarsa ƙwarai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A garin akwai wata tsohuwa gwauruwa, ana ce da ita Iya Rahila. Ita ta cinye irinta a lokacin yunwa, ɗan filin da ke bayan ɗakinta yana nan a share, ba abin sa masa. Sai ta ɗauki ƙwarya tana bin gonaki, duk inda ake rage shuka ta roƙi wadda aka cire ta je ta dasa. Da ta iso gonar mutumin nan ta ga yadda ta cushe, ta yi murna, ta ce, "Ɗana, kai ne Allah ya ba. In za ka rage, ka tuna da ni."

Ransa bai so ba, amma kunya ta hana shi ya mai da tsohuwa hannu wofi. Ya nuna mata wasu 'yan kunyoyi a can gefe, inda ƙasar ba ta da ƙarfi sosai, ya ce, "Iya, ki cira a can, amma kada ki wuce surin nan." Ya juya mata baya don kada ya gani.

Tsohuwa ta duƙa ta yi ta cira a hankali, tana danne ƙasa da yatsa a gindin waɗanda ta bari. Da ta gama, kunyoyin suka zama kamar bakin tsoho, nan haƙori can giɓi. Ta kwashi abinta ta kai gida, ta datse kan ganyen, ta dasa. Kwana da kwanaki dashen yana kwance a yanƙwane, masu wucewa suna cewa Iya ta ba kanta wahalar banza.

Shi kuwa mutumin ya shiga aiki kamar yadda ya alkawarta. Jakinsa ya tafi a shekarar yunwa, don haka a ka yake ɗaukar taki daga gida zuwa gona. Ya yi noma, ya yi maimai, ya sake bi, har ciyawa ta rasa wurin sa ƙafa. Yakan riga kowa fita, kowa ya riga shi dawowa. Wata rana ana ba shi tuwo, barci ya sace shi da loma a hannu. Gonar kuwa, in ka hango ta daga hanya, kore shar, babu irinta a garin. Mutane suna wucewa suna cewa bana wane ya gama da talauci. Kallon kitse suke wa rogo, amma maganar tana yi masa daɗi, ita ce ma take tashe shi da safe in jiki ya ƙi.

Da damina ta yi nisa, abin ya fara nunawa. A kowane gurbi kara yana ture kara, kowanne yana miƙa wuya ya sami rana. Suka yi tsawo, amma sirara kamar tsinken tsintsiya, ganyen ƙasa ya soma yin rawaya. Ya ƙara taki. Matar ta sake yin magana, sai ya yarda ya gwada cire ɗaya. Da ya ja, gurbin duka ya taso, don saiwoyin sun riga sun sarƙe da juna. Ya mayar ya danne da ƙafa.

Dawa ta fid da kai, 'yan zangarniyoyi ƙanana, wasu ma ba su fid da komai ba. Sa'an nan ruwan ƙarshe ya zo da iska mai ƙarfi. Da aka ɗauke ya je ya tarar da gonar a kwance, kara bisa kara cikin laka. Kunyoyin gefe ne kaɗai suke tsaye, waɗanda tsohuwa ta rage. Karansu ya yi kauri, kawunansu sun sunkuya don nauyi.

Aka yi girbi. Abin da ya fito daga tsakiyar gonar, da matar ta sussuka ta sheƙe, yawancinsa iska ta tafi da shi. Dawar kirki daga 'yan kunyoyin nan ta fito, ita ma ko rabin rumbu ba ta kai ba. Mutumin ya leƙa rumbun, ya san ba za ta kai su wata damina ba, yaran nan za su sake yin kuka. Ya zauna a gindin rumbu, ya miƙe ƙafafunsa da suka tsattsage, ya rasa ƙarfin ko da yin fushi. Matar ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Ta kawo masa ruwa ta ajiye.

Yana zaune sai ga Iya Rahila da dami a ka, tana tafe tana hutawa. Ta sauke a gabansa. Zangarniyoyi ne manya, jajaye, cike da ƙwaya.

Ta ce, "Ɗana, dawarka ce. Wurin tsayawa kawai ta samu a wurina."

Ya dubi damin. Sa'an nan ya ce, "Iya, na yi aiki fa."

Ta ce, "Ka yi. Garin nan kaf ba wanda ya kai ka."

Sai ya rufe fuskarsa da hannu ya yi kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonar rayuwar mai bi ce. Gurbin kuwa shi ne yininka, da ƙarfin jikinka, da zuciya guda da Allah ya ba ka. Ba a ƙara wa gurbi faɗi. Ku lura, 'yan'uwa, ba ciyawa ce ta kashe gonar nan ba. Mun saba jin wa'azi a kan ciyawa, wato zunubi, kuma daidai ne a yi. Amma yau ba da mashayi nake ba. Da ku nake, ku da kuka zo da wuri kuka share ɗakin sujada, ku da idanunku suka yi ja tun ba a fara waƙar farko ba.

Kana cikin mawaƙa, kana kwamitin gini, kana koyar da yara, in an yi rasuwa kai ne mai ɗauko kujeru. Ke kuma ga zumuntar mata, ga gaishe da marasa lafiya, ga girkin baƙi duk ranar da aka yi taro, kin dawo kuma tukunyar gidanki tana jiranki. Wanne ne mugu a ciki? Babu. Shi ya sa cirewa take da wuya. Wasunmu kuma sun taɓa zama a inda ba mai bi sai su kaɗai, ko sun daɗe ba wanda ya san da su, saboda haka duk aikin da aka miƙo suna karɓa hannu bibbiyu, suna tsoron in suka saki ɗaya Allah zai ga sun raina kyautarsa. Ga kuma daɗin a ce ai in ba wane, ikkilisiyar nan da ta tsaya.

Amma ba a tauna taura biyu a baki guda, balle goma. Ku dubi abin da muke girba. Mutum yana bi da addu'a a gaban jama'a da murya mai daɗi, a ɗakinsa kuwa ya manta rabon da ya durƙusa ba tare da barci ya ɗauke shi ba. Yana buɗe Maganar Allah don ya sami abin gaya wa wasu, ba don ya ci ba. Ya yi haƙuri da kowa a waje, haƙurin ya ƙare daidai ƙofar gida, matarsa da 'ya'yansa su ne masu shan sauran. Daga nesa kore shar. Ranar da iska ta taso, ciwo ko rashi ko wata 'yar magana da aka faɗa a taro, sai a ji wane ya daina zuwa sujada, kowa yana mamaki. Ni na daina mamaki. Tausayi nake ji, don na binne irin waɗannan da yawa, wasu kuma suna nan da rai amma ba sa ko son jin ƙarar ƙararrawa.

Ƙara taki shi ne abin da muka iya. In mun ji mun bushe sai mu ƙara wani taro, mu ƙara azumi, mu sa sunanmu a wani sabon shiri. Alhali Ubangijinmu da kansa, da taro ke neman sa ta ko'ina, yakan bar su ya keɓe ya yi addu'a, bai kuwa warkar da kowane majiyyaci na ƙasar a yini ɗaya ba. Kai da kake bawansa, ban san inda ka samo ƙarfin da ya fi nasa ba.

Tsohuwar nan kuma tana cikinmu. Ita ce waɗanda suke zama a bencin baya, filinsu a share, ba wanda ya taɓa ba su komai su riƙe, don mu mun tattare duka. Abin da ka cire ba zubar da shi za ka yi ba. Ka ba wani. Da fari zai yanƙwane a hannunsa, waƙar ba za ta tashi yadda kake tashe ta ba, ranka zai yi ta ƙaiƙayi ka karɓe. Ka bar shi. Aikin na Allah ne, ya san yadda zai kama ƙasa.

Kada kuwa ka ce sai an gama ginin, sai bayan Kirsimeti. Ana ragewa ne tun ƙasa da danshi. In aka daɗe, abubuwan sukan sarƙe, har ya zama ba ka iya sakin ɗaya sai da faɗa da ɓacin rai. Ka zauna a gaban Ubangiji cikin makon nan, ka tambaye shi waɗanne ya ba ka da gaske, waɗanne kuma kunya da son yabo suka ɗora maka. Zai yi zafi, don mai kyau za ka cire.

In an tashi sujada yau, watakila wani dattijo zai tare ka a bakin ƙofa, ya kama hannunka yana murmushi, ya ce akwai wani ɗan aiki, sunanka aka fara kawowa. Aikin kirki ne, na sani. Kafin ka ce to, ka tuna da waɗanda ke jiran abinci daga gonarka a gida. Mai gonar kuma, wato Ubangiji, yana zuwa, ba kuwa ganye zai zo nema ba.

Wanda yake da kunne, kada gajiya ta hana shi ji.